Numfashin Kawu

Kawuna ba kyakkyawa ba ne, shi ma ya sani. Yakan ce Allah ya rufa masa asiri da ya kai shi gidan rediyo ba talabijin ba. Amma murya, tubarkalla. Aikinsa karanta sanarwar rasuwa bayan labaran rana, a wani ɗan ɗaki mai bangon soso, kan kujerar da ke ƙara in an motsa, har ya koyi zama kamar an dasa shi.

Yana da wata ɗabi'a. In ya ce "Allah ya yi wa", sai ya tsaya, ya ja numfashi, sannan ya faɗi sunan mamacin. Na taɓa tsokanarsa ko tsufa ne ya kawo mantuwa.

"Ke yarinya ce," in ji shi. "Wata tana can tsaye da tukunya a hannu. Jira nake ta zauna."

Sai wani kamfani ya sayi gidan. Sabon manaja, mai ladabi kamar gaske, ya ce, "Baba, shirun nan naka asara ce, talla za ta iya shiga wurin." Kawu ya ce to, washegari ya sake yi. Hali zanen dutse.

Daga baya suka roƙe shi ya yi ta karanta wa kwamfuta takardu, wai za a adana muryarsa don tarihi. Ya sa rigarsa mafi kyau ya je, ya dawo baki har kunne. Har yau in na tuna murnar nan sai raina ya ɓaci. Ba a jima ba suka sallame shi da kyautar agogon bango, na'ura ta ci gaba da karanta sanarwa da muryarsa sak, sai dai ba ta numfashi.

Rashin aikin bai ci masa rai kamar mutanen titi ba. Wani mai gyaran takalma ya tare shi: "Malam, me muka yi maka ka daina jira mana? Sunan ƙanena haka ka jefo mini shi." Kawu ya rantse ba shi ba ne. Wa zai yarda? Ya koma ya roƙi manaja a mayar da shirun kawai, aka ce na'urar da kanta take yanke shi.

Ranar da ya rasu, ni na kai sanarwar. Matarsa, Inna, ta ɗora rediyo a cinya muna zazzaune a falo. Muryarsa ta cika ɗakin, na kasa ɗaga kai. Da muryar ta ce "Allah ya yi wa", Inna ta rage muryar rediyon, ta ja numfashi mai tsawo, yadda yake yi wa kowa.

Da ta ƙara murya, sunan ya riga ya wuce. Kawu yana tallar sabulu.