Farar Ƙwaya da Ƙafafun Baba

A gidanmu na Gaya ta Nijar ban taɓa jin marar lafiya ya ce jiki ya tsananta ba. Ko ana juya mutum a shimfiɗa kamar waina, in ka ce masa "Ya jiki?" sai ya tattaro sauran numfashinsa ya ce, "Da sauƙi." Daga baya na leƙa littattafan likitoci, don karambani irin na malamin lakwal, wato makarantar boko, ban ga babin da ya yi maganar wannan amsa ba. Ita ce kuwa ta kusa raba mahaifina da gonarsa.

Zamanin soji ne, ni kuma ban daɗe da fara koyarwa ba, ana ce mini mushe, wato malam da Faransanci, ina jin kaina ya yi rumbu. Ma'aikata kan riga rana isa wurin aiki, don an ce manya na iya dira ba sallama. Magana sai an tauna ta kafin a fitar. Abin da ya fito daga hannun gwamnati, ko da tsakuwa a ciki, madalla ake cewa. Duk da haka ina kewar kwanakin nan. Ina kewar kaminyoyin kaya da ke jere a hanyar gada suna jiran ƙetarawa Malanbil ta ƙasar Benin, da ƙamshin kifin da mata ke soyawa bayan la'asar, da ɓawon rake da ya rufe bakin tasha.

Baba manomin shinkafa ne, gonarsa tana fadama, can wajen kogi. Bai taɓa hawa jaki zuwa can ba, ya ce Allah bai ba shi ƙafa don ado ba. Yatsun ƙafar sun daɗe suna yi masa wani abu kamar tafiyar kiyashi, shi kuma ya ɗora laifin a kan shekarun da ya yi cikin ruwa, bai damu ba. Wata damina sai zuciyarsa ta rikice, tana bugu kamar kalangu a hannun ɗan koyo. Muka kai shi asibitin Doso. Likita, wani saurayi mai tabarau da ladabi, ya rubuta odanas, takardar magani, farar ƙwaya kowace safiya. Zuciya ta dawo hankalinta, muka yi sadaka.

Da watanni suka ja, kiyashin ya zama garwashi. Tafin ƙafa na yi masa zafi in ya kwanta, in ya miƙe kuma kamar auduga yake takawa. Wata Juma'a ya dawo daga masallaci da takalmi ɗaya, bai san inda ɗayan ya zame ba. Inna ta gani, ta kawar da kai. Bayan nan wani abu ya yanke shi a gona, sai wajen alwala ya ga jini. Daga ranar ya daina fita. Ya kan shimfiɗa buzu gindin mangwaro, ya juya fuska wajen kogi, ya wuni.

Shi da kansa ya lura. Ya ce da ni, "Tun da na fara haɗiyar ƙwayar nan, ƙasa ta yi mini nisa."

Na ce, "To Baba, ai sai a gaya wa likita."

Ya dube ni irin kallon da nake wa ɗalibin da bai yi aikin gida ba. "Mutum ya tsamo ka daga rijiya, sai ka ce igiyarsa ta ƙuje maka hannu? Maganin gwamnati ne kuma. Kai da ke cin albashinsu, rufa mana asiri."

Haka muka riƙa komawa Doso. Likita ya tambaya ko akwai wani abin da ke damunsa, Baba ya ce da sauƙi. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ya kira, ina ni ina ƙaryata shi gaban baƙo? Inna ma ba ta da wannan bakin.

Da shinkafa ta fara nuna, ya yanke shawara. Ya gaya wa Inna zai bar shan ƙwayar, shiru, ba tare da ɓata wa kowa rai ba. "In zuciyar za ta tsaya, ta tsaya ina gonata." Inna ba ta yi gardama ba. Ta saka mayafi ta tafi kasuwa, ta ba masu kawo kifi saƙo zuwa Tunuga.

A Tunuga akwai ɗan goggon Baba, masunci, wanda muke kira Kawu. Taubashinsa ne, kuma a wurinmu taubashi na da izinin da ko kwamanda bai da shi: ya faɗa maka abin da ya ga dama, gaban kowa, fushi kuma haramun ne. Ya iso washegari da kifi a rataye, yana Hausarsa mai gishirin Dandanci, yaren mutanen bakin kogi.

"Ina bawan nan nawa? An ce ka zama kaza mai kwanci!"

"Wa ya buɗe wa warin kifi ƙofa?" in ji Baba. Rabona da ganin haƙoransa har na manta.

"Tashi. Doso za mu. In ka mutu ban ga wanda zan riƙa ci wa shinkafa ba."

Muka shiga motar kasuwa mu uku, suna zagin juna tun daga tasha har shingen jandarma, inda kowa ya natsu kamar a sahu. Da muka shiga wurin likita, ya yi tambayarsa ta kullum, Baba ya ba shi amsarsa ta kullum.

"Ƙarya yake, likita!" in ji Kawu. "Tun yana yaro maƙaryaci ne. Ƙafar nan da ka gani, ta aro ce. Ko kada ya ɗauke ta sai an zo an ba shi labari."

Na so ƙasa ta tsage. Kawu ya durƙusa ya tuɓe wa Baba takalmi da hannunsa. Likita bai yi dariya ba. Ya sa Baba ya rufe ido, ya riƙa taɓa tafin da auduga, sannan da bakin allura, yana tambaya ko ya ji.

"Soka da kyau," in ji Kawu, "akwai tsohuwar gaba tsakaninmu."

Baba bai ji ba sai wajen idon sawu. Likita ya zauna ya yi mana bayani. Ya ce irin wannan magani, in an daɗe ana sha, yana taɓa jijiyoyin ƙafa ga wasu mutane, balle wanda nasa dama sun fara rauni. Ba kowa yake yi wa haka ba, kuma akwai cututtukan da ke kawo irin wannan, kamar ciwon suga, don haka sai an auna jini. Amma da Baba ya bar shan ƙwayar da kansa, da wataƙila wani zance ake yi yanzu. Akwai wata da za a gwada a madadinta.

"Baba, me ya hana ka gaya mini?" in ji likita.

Baba ya dubi ƙasa. "Na ga kana ƙoƙari, ɗana."

Girbin shekarar da gayya aka yi shi, Baba na gida. Sauƙin ya zo a hankali, kamar janyewar kogi. Zafin ya ragu, yatsun kuwa ba su dawo duka ba har ƙarshen ransa. Likita ya yarda ya koma gona da sharaɗi: takalmin roba mai tsawo, da duba tafin ƙafa kowace yamma, aikin da Inna ta karɓa da tsananin kwastan.

Ranar da ya fara fita, farkon damina, na bi shi a baya. Yana tafe da sanda, takalman na ƙara, yana tsayawa gaisawa da mutane fiye da yadda gaisuwa ke bukata. Da muka isa, ya zauna a kan kunya ya tuɓe su, abin da aka hana shi. Ya nutsa dugadugansa cikin laka.

"Akwai sanyi," ya ce. "Na ji shi."

Sannan ya ce in wuce lakwal, ƴaƴan mutane na jirana.