Jan Zare a Bakin Kanal

Ranar da yayana zai sayi agogon da zai riƙa ƙirga masa tafiya a ƙasa, bai taka ƙafarsa zuwa shago ba. Shagon ne ya zo masa har falo. Ina zaune a gefe na ga an shigo da agoguna jere a kan faranti, na yi tsaki a cikin mayafi, tsakin kuwa ya fito waje kamar yadda nawa ya saba.

Yayana falken shanu ne. Yakan sayo su a Maradun da ƙauyukan da ke bayanta, ya tara, ya sayar a kara, wato kasuwar shanu ta Talata Mafara. Allah ya buɗa masa, jiki ma ya buɗe. Tun da ya sayi mota ya daina sanin nisan da ke tsakanin ƙofar gidansa da bakin titi. Da jiri ya fara ɗibarsa aka kai shi Gusau, likita ya ce hawan jini ne ga kuma suga, ya rubuta magani, ya ce lallai ya riƙa tafiya a ƙasa kowace safiya har sai ya yi gumi.

'Yarsa ta fari ma'aikaciyar jinya ce a Legas. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, don haka bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata. Ta san abin da hawan jini ke yi wa mutum, ta kuma san ubanta. Ita ta kawo shawarar agogon: wanda zai auna tafiyarsa da bugun zuciyarsa, ya miƙa wa wata manhaja a wayarsa, ita kuma ta gani a tata wayar daga can. Ta kira ni a Bakura ta ce, "Gwaggo, don Allah ki tahi ki zamna wurin zaɓen. Ke ɗai ka iya ce mai a'a." Ni tsohuwar malamar firamare ce, na yi ritaya, kuma gaskiyarta, bakina bai yi ritaya ba. Na hau mota ranar Talata na je.

Mai shagon wayar ya zo yana ƙamshin turare har yana hawa kai. Ya durƙusa, ya gaida yayana, ya gaida gajiyarsa, ya gaida iyali, ya gaida kasuwa, sannan ya buɗe farantin. Aka jingina waya a jikin filas ɗin shayi, fuskar yarinyar ta bayyana, tana sanye da kayan aiki.

Ban taɓa jin an yabi abu kamar yadda mutumin nan ya yabi agogunansa ba. Wannan yana auna barci. Wannan yana gaya maka lokacin shan ruwa. Wannan ko ninƙaya ka shiga da shi ba abin da zai same shi. Ninƙaya! Mutumin da rabonsa da shiga gulbi tun muna yara ana aikenmu wanki. Na ce wa mai shagon, "To akwai wanda ka kama mutum ga hannu shi hidda shi waje?" Ya yi dariyar da ake yi wa tsofaffin mata, ya juya wajen mai gida.

Yayana ya miƙa hannu ya ɗauki wani mai ruwan zinariya, ya ɗaura, ya karkaɗe hannun babbar riga don ya ga yadda zai leƙo. Abin da ya dame shi ke nan, yadda zai leƙo. Yarinyar ta ce a karanta mata sunan agogon, aka karanta, ta ce wannan ba ya haɗuwa da manhajar da take amfani da ita. Yayana ya sha toka. Haka aka yi ta cirewa har ya rage saura biyu baƙaƙe. Ɗaya sai wayarka tana aljihunka yake aiki. Ɗayan kuwa da kansa yake riƙe hanyar da aka bi, in an dawo gida ya kusanci wayar sai ya juye mata komai.

"Wanga na biyu shi ad daidai da kai, Alhaji," in ji mai shagon. "Ba ruwanka da ɗaukar waya, ba mai damunka da kira. Kuma dubi maɗaurin, ko hannun wa zamnawa shikai, babba ko ƙarami."

Shi aka ɗauka, don ya fi girma. Yarinyar ta bi da mai shagon mataki-mataki har agogon da wayar suka san juna, sannan ta ce, "Baba, ka yi min alkawali." Ya ce, "Na yi, Uwata." Na kalli fuskarsa a lokacin, kuma har yau na yarda da gaske yake.

Na kwana a gidan, don haka da idona na ga fitarsa ta farko. Ya sa jallabiya da takalmin roba, ya fita bayan rana ta ɗan ɗaga, ni kuma na tsaya a bakin zaure. Bai kai gindin dalbejiyar maƙwabta ba wani dattijo ya tare shi. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya jikin, ya muka ji da zafi, to madalla, to a gaida gida. Suka rabu, ya yi taku kaɗan, sai ga wani. A garinmu ba a gaisuwa a tafe da babban mutum, sai an tsaya cak an riƙe hannu, kuma ba a saki sai an tambayi lafiyar kowa har akuyar gida. Bai gama da wannan ba ɗan kabu-kabu ya ci burki a gabansa: "Subhanallahi, Alhaji, kai da kanka? Hau in kai ka!" Ya ce a'a. Wani dillalin kara ya tsayar da motarsa a tsakiyar hanya, ya fito da gudu yana tambaya ko motar Alhaji ce ta lalace. Daga nesa ina ganin yayana yana nuna musu agogon yana bayani, su kuwa suna gyaɗa kai irin na wanda ya ji ƙarya amma ya rufa wa mai ita asiri.

Wannan shi ne garin da na fito, kuma ina faɗa ba tare da kunya ba: wuri ne da in aka ga mai hali yana tafiya a ƙasa, ba gawa a gabansa, ba masallaci ya nufa ba, to ɗayan biyu ne, ko ya karye ko an yi masa asiri. Kafin mako ya zagayo maganar ta gama kara. Matarsa ta gaya mini har wasu abokan sana'arsa suka zo masa jaje a zaure, suna cewa kasuwa dama haka take, yau gare ka gobe ga wani. Mutanen da suka ga cikinsa na girma shekara da shekaru ba wanda ya ce masa komai, amma tafiyar safe ɗaya ta tayar musu da tausayi.

Na koma Bakura ina jiran yarinyar ta kira ni da kuka. Sai ga shi hotuna take turo mini. Taswira ce, da wani jan zare a kanta wanda ya tashi daga unguwarsu, ya fita bayan gari, ya bi bakin kanal ɗin noman rani ya yi nisa, sannan ya lanƙwaso ya dawo. Kullum haka. A ƙasan hoton manhajar tana zuba kirari, wai gwarzo, wai ya kafa sabon tarihi, har da hoton kofi. Yarinyar ta ce bugun zuciyarsa ya kwanta kamar na saurayi. Muryarta ta sake, ta koma dariyarta ta da.

Ni dai duk Talatar da na shiga Mafara, yayana yana nan yadda na bar shi. Cikin na nan. Takalmin robar na jingine a bayan ƙofa, ba laka a jikinsa, alhali duk wanda ya bi bakin kanal ya san yadda ƙafa ke dawowa. Ga tsire da yamma, ga fura an zuba mata suga. Agogon kuwa yana hannunsa tun daga azahar, yana ta jan hannun riga a gaban baƙi. Na ce masa, "Yaya, wagga tahiya taka ba ta taɓa jiki?" Ya ce, "Ke dai malama, komi sai kin ba shi maki. Nan ba aji na ba." Na kira yarinyar na ce mata ni fa ban ga alama ba. Ta ce, "Gwaggo, na'ura ba ta ƙarya." Na ce ita kam ba ta yi, tunda ba ta da surukai.

Haka aka ci damina, aka shiga kaka. Wata safiya matarsa ta kira ni ta ce jikin mai gida ba daɗi kaɗan, amma da sauƙi. Na san wannan da sauƙin. Da shi muke binne mutane. A wurinmu ko mutum na shure-shuren mutuwa, in na nesa ya tambaya sai a ce da sauƙi, wai kada a tayar masa da hankali. Ban tsaya jin ƙari ba, na yafa mayafi na nufi tasha.

Na tarar da shi kwance a ɗakinsa. Ɓarin jikinsa na dama ya saki, baki ya karkace, magana na fita da ƙyar. Ashe kwanaki ke nan da faɗuwarsa. An kai shi asibiti, ya matsa aka dawo da shi, ya kuma hana a gaya wa yarinyar. In ta kira, uwarta ta ce yana hutawa, da sauƙi. Shi kuma ya ƙi karɓar wayar don kada Uwata ta ji bakinsa a haka. Amma da na zauna kusa da shi, kalmar da ya yi ta ƙoƙarin haɗawa ita ce sunan nan da yake kiranta da shi.

A gabansu na kira yarinyar. Na ce, "Ki aje abin da kike yi ki taho gida yanzu. Ubanki na kwance, ba shi ko iya tashi."

Ta ce, "Gwaggo, wane irin kwance? Na ji muryar Inna wani iri, har na nemi izini wurin aiki, sai na duba na ga jiya ya yi tahiyarshi, shekaranjiya ma ya yi. Shi ya sa na hwasa."

Na dubi hannun yayana. Ba komai a kai sai shatin maɗauri. Ban rufe baki ba aka yi sallama a tsakar gida. Wani magidanci ne dogo, siriri, mutumin Dakko, wanda ke kora wa yayana shanu zuwa kiwo a bakin kanal kowace safiya. Ya tsuguna, ya gaida mu da jiki, ya kwance agogon daga tsintsiyar hannunsa, ya ajiye shi a kan tabarma kusa da wayar mai gida da ke caji, a hankali, yadda aka koya masa. Ba wanda ya ce masa ya daina, shi ya sa bai daina ba. Shi a saninsa wani abin tsaron shanu ne.

Wayar tana kunnena na ji tata ta yi ƙara a can Legas. Ta ce, "Ga ta yau ma ta shigo." Na gaya mata daga hannun wa ta shigo.

A ranar ta taso. Amma Legas ba nan kusa ba ce. Yayana ya cika washegari da hantsi, aka yi masa sutura, aka kai shi kafin azahar kamar yadda ake yi. Ita kuwa sai bayan la'asar ta iso, ta tarar da tabarmi a ƙofar gida, da mutanen nan dai masu tsayar da shi a hanya, sun jeru suna cewa ai Alhaji mutum ne mai kula da lafiyarsa, ga agogo ma ya saya.

Bayan an yi addu'ar uku ta same ni a ɗakin uwarta, ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafata. Ta buɗe manhajar tana ja da yatsa, jan zare bayan jan zare, duk na bakin kanal. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Gwaggo, cikin wa'annan duka, akwai nashi?"

Na karɓi wayar na yi ta ja baya har na kai farko. Ga shi nan, ɗan guntu, ko tsawon gaɓar yatsa bai kai ba. Ya tashi daga ƙofar gida, ya yi ƙulli a gindin dalbejiya, ya ɗan matsa ya sake yin ƙulli, ya kuma yin wani a bakin titi inda dillalin ya tsayar da mota, daga nan ya juyo gida. Na ce mata, "Wanga nashi na. Ina tsaye ga zaure yay yi shi."

Ta ɗora yatsa a kan zaren ta bi shi a hankali, tana tsayawa a duk inda ya tsaya.