Kiɗan Baba a Motar Jidda

"Ƙas!" Ƙarar da na jiyo ke nan daga ɗakin mahaifiyata ana saura sati mu tafi Umara. Zaren kaset ɗin marigayi Babanmu ne ya tsinke a cikin rikoda. Kiɗan kantiri ne na wasu Amurkawa, tsirkiya zalla, ba mai waƙa: goge, da wani mai kama da gurmi da ake ce wa banjo. Tun da mantuwa ta kama Hajiya, shi kaɗai ke sa ta natsu ta ci abinci, har ta kira mu da sunayenmu. Rubutun jikin kaset ɗin ya goge tuntuni, mai gyara kuma ya ce zaren ya ruɓe. Ba wanda ya san sunan makaɗan.

Kano

Mun bar gida kafin asuba, ni da maigida. Na bar Hajiya a hannun ƙanwata da 'yata Ummi mai shekara bakwai. Da na durƙusa yi mata sallama sai ta riƙe mayafina ta ce, "Ke, kunna min na Malam." Haka take kiran Baba. Na ce in sha Allah in na dawo.

Jidda zuwa Makka

Da la'asar muka sauka, da haraminmu tun daga jirgi. Muka samu ƙaramar mota, direban Bahaushe ne haihuwar can, Hausarsa rabi Larabci. Mun ɗan yi nisa sai ya kunna wani abu ƙasa-ƙasa.

"Ma'alesh ya Alhaji, a yi haƙuri, ba waƙa a ciki. Shi ke hana ni gyangyaɗi."

Maigida ya ci gaba da talbiyya. Ni kuwa na kasa kunne. Shi ne, kiɗan Baba. Har wurin da banjo ke gudu kamar ruwa a kan kwano, goge ya biyo shi a hankali.

Direban ya hango ni ta madubi ina share ido, ya yi dariya. "Hajiya ma ta san su? Waɗannan tun ba a haife ni ba suke kiɗa tare. Tsoho ya mutu, ɗansa ya ɗauki abin kiɗan."

Tambaya ɗaya ce ta rage: yaya sunansu? Amma ina cikin harami, ga Labbaika a bakin mijina, sai na ji nauyin buɗe baki a kan kiɗa. Na ce a raina sai mun sauka. Muna isa shingen Shumaisi, inda ake shiga ƙasar Harami, ya kashe. "Halas," in ji shi. "Daga nan ba na kunnawa, haka na taso na ga ubana na yi."

Jarwal

A bakin masaukinmu da ke unguwar Jarwal a Makka ba a barin mota ta tsaya. Ɗan sanda na ta "Yalla, yalla!", direban ya sauke jakunkuna a gurguje ya ja. Ina gyara takalmi, kafin in ɗago ya shige cikin motoci.

Mun yi Umara lafiya, alhamdu lillahi. Na yi wa Hajiya addu'a a ɗawafi har muryata ta dushe.

Tandabawi

Bayan kwana biyu muka je gaida Gwaggo Asabe, 'yar'uwar maigida da ta tsufa a can unguwar Tandabawi cikin Makka. Ta ajiye mana shinkafa buhari da shayi mai na'ana'a, na ba ta labari.

"Sunan direban fa?"

"Ban tambaya ba, Gwaggo."

"Kalar motar?"

"Fara."

Ta tafa hannu. "'Yar nan, duk Makka farar mota ce! Tambaya don uwarki ai ba ta ɓata harami. Wa ya ce miki?"

Ba wanda ya ce min. Ta aika aka tambayi direbobin unguwa, wasu suka kawo wayoyinsu aka kunna min kala-kala. Duk kantiri ne, amma ba na Baba ba.

Gida

Mun sauka Kano da hantsi, mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na kuma gode wa ƙanwata da ta riƙe gida. Na shiga ɗakin Hajiya da zamzam da dabino. Ta rame. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya irin wadda ake yi wa baƙuwa.

Na fito tsakar gida na zauna. Ummi ta zo ta jingina da ni.

"Umma, kar ki damu da kiɗan. Hajiya ta daina tambayarsa tun ran Juma'a. Yanzu ni take tambaya wai 'yar gidan wa ce ni."