Filin Da Na Kai Yayata Gani A Tsakiyar Teku

A shekarar 2012 ni saurayi ne ɗan Kano mai ji da wayo, ina zaune a unguwar Hor Al Anz a Dubai, mu da yawa a ɗaki ɗaya, gado a kan gado. Edita, ina roƙon a sakaya sunana, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu. Aikin kargo ne ya kai ni garin. Ina raka 'yan kasuwarmu shaguna, in ɗaure musu kaya, in kai sito a Al Quoz a loda a kwantena. Daga baya na lura masu dillancin gidaje sun fi mu tsaf, suna yawo da kwat suna ƙamshi, sai na cusa kaina a cikinsu ba tare da lasisi ba. Bizata ma ta ziyara ce, kuma ta daɗe da ƙarewa, kullum ina cewa gobe zan gyara. Saboda haka ba na bin hanyar da zan yi kiciɓis da ɗan sanda, ko jiniya na ji daga nesa sai in sauya hanya.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Dubai doguwar gaɓa ce shimfiɗaɗɗiya, teku a gaba, hamada a baya. Da bakin ruwan ya yi musu kaɗan, sai suka shiga ɗebo yashi daga ƙasan teku suna jibgewa har ya zama tsibirai, suna sayar da gidajen shaƙatawa tun suna zane a takarda. Lokacin da kasuwar gidaje ta faɗi a 2009, ayyuka da yawa suka tsaya cak, waɗanda suka saya suka shiga neman wanda za su sauke wa. Ta haka wani Alhaji ya ba ni tallan filinsa a ɗaya daga cikin tsibiran nan, ya turo min hotuna a waya: farin gida, layin dabino, yara suna wasa a bakin ruwa shuɗi. Ni ban taɓa taka wurin ba, amma duk wanda na nuna wa sai in zuba bayani kamar can nake kwana.

Ana cikin haka yayata ta zo sarin kayan sallah gabanin azumi, a tsakiyar zafi. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, kuma ita ta riƙe ni tun rasuwar Innarmu, shi ya sa har na girma Auta take kirana. Abaya da turare take sayarwa, mijinta ya rasu ya bar mata yara, ga hawan jini da take fama da shi. Wata rana muna cin abinci ta ga hotunan nan a wayata, ta tsura musu ido, ta ce ta daɗe tana son ajiye wa marayunta abin da ba ya ruɓewa kuma ba a sacewa. Maimakon in gaya mata gaskiya, sai na ƙara wa miyar gishiri. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce ita ko zani ba ta saya sai ta taɓa shi, balle ƙasa, don haka in kai ta ta gani da idonta. Nan na shiga tsaka mai wuya, domin zuwa wurin sai da izini, kuma duk ofishin da za a nemi izinin sai an tambaye ni takarduna. Sai na tuna da wani abokina ɗan Zangon Ghana, wanda aikinsa kula da ƙaramin jirgin ruwan shaƙatawa na wani Balarabe. Ya ce maigidansa ba ya fita sai bayan la'asar, zai kai mu da safe mu leƙa mu dawo, babu wanda zai sani.

Tun da muka fito daga tasi a bakin ruwa na san ranar ba ta wasa ba ce. Tabarau ɗin Yaya nan take ya yi gumi har sai da ta cire ta goge. Mu mutanen Kano muna ganin mun san zafi, amma namu busasshe ne, in ka samu inuwa ka sha ruwan randa ka huta. Na can jiƙaƙƙe ne, kamar ka sa fuska a kan tukunyar da ke tafasa, zufa tana zuba amma ba ta bushewa. Duk da haka 'yar gorar ruwa kowa ya riƙe, don mun ɗauka tafiyar leƙawa ce. Jirgi ya yi ta gudu da mu har dogayen benayen gari suka koma kamar tsinken ashana, muka kewaye wata katangar duwatsu da aka jera don tare igiyar ruwa, abokina ya kashe inji ya ce mun iso.

Babu gida, babu dabino, babu ko ciyawa. Farin yashi ne fetal mai kashe ido, sai tulin duwatsu a gefe, da rodunan gini da suka yi tsatsa suna tsaye, da wani allo da rana ta cinye rubutunsa. Turakun da aka kafa don shaidar filaye, wasunsu ma ruwa ya riga ya hau kansu. Yaya ta kalli wurin, ta kalle ni, ta ja ƙafa ta nufi turakun tana dubawa. Tana can nesa wayar abokina ta yi ƙara. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ce maigidansa ne, yana kan hanyar zuwa wurin ajiye jiragen tare da baƙi, kuma in maigidan ya gan mu a cikin jirgin, shi abokin nawa aikinsa ya ƙare, shi ke nan. Ya roƙe ni mu jira shi shuwayya, wato kaɗan, zai mayar da jirgin ya samo wani ya dawo ya ɗauke mu. Da na ce a'a, da dole ya tafi da mu. Amma na tuna inda akwai maigida da baƙi akwai masu gadi, akwai tambaya. Na ce ya je ya yi sauri. Sai ƙarar inji Yaya ta ji, ta juyo ta ga jirgi ya yi nisa. Na ce mata mai zai ƙaro, yanzu zai dawo.

Rana ta yi ta hawa. Na cire rigata na haɗa da mayafinta na ɗaura a kan rodi don mu samu 'yar inuwa, ƙarfen ya ƙona min tafin hannu. Yashin ba ya zaunuwa, sai da na tona na kai ga mai danshi sannan ta iya zama. Can sai iska ta taso daga arewa, wadda suke kira shamal. Da farko na yi murna na ɗauka sanyi ne ya zo, ashe iska ce mai zafi ɗauke da ƙura. Kafin wani lokaci benayen gari sun ɓace gaba ɗaya, sama da ruwa suka haɗe suka zama launi ɗaya, tekun da muka ratso lami lafiya ya fara tumbatsa yana dukan duwatsu. Ruwan gorarmu ya ƙare. Na matsa gefe na kira abokina, ya ɗauka ya ce saboda iskar an hana ƙananan jirage fita, babu mai yarda ya ba shi aro. Ya haɗa ni da Allah kada in kira hukuma, ya ce iyalinsa a gida da shi suka dogara, in yi haƙuri iskar za ta kwanta. Da na sake kira, wayar a kashe take.

Na san lambar kiran gaggawa, kowa a garin ya san ta. Na danna ta na goge, na sake dannawa na goge. Duk lokacin da zan kira sai in ga kaina a ɗaure, in ga an sa ni a jirgi an mayar da ni gida hannu rabbana, abokaina suna yi min dariya. Sai in koma in ce wa Yaya jirgin yana hanya. Ta ce kanta yana sarawa kamar ana buga guduma. Na jiƙa gefen zaninta a teku na ɗora mata a goshi, amma ruwan ɗumi ne kamar na wanka, ga gishiri yana shiga mata ido. Ta ɗago da ƙyar ta ce, "Auta, garin nan duk girmansa babu hukumar da ake kira in mutum ya maƙale?" Nan ƙarya ta ƙare min. Na durƙusa na gaya mata komai, bizar, da rashin izinin, da cewa ban taɓa ganin filin ba sai yau. Na zaci za ta yi faɗa. Sai kawai ta ce, "To kar ka kira. In aka kama ka a dalilina, me zan ce wa Inna gobe kiyama? Bari mu ƙara jira, zan iya."

Edita, abin da ya fi ci min rai har yau shi ne na karɓi wannan maganar na riƙe. Na ji sanyi a raina cewa ita ce ta ce kar a kira. Na zauna kusa da ita ina kallon hazo, ina jiran ƙarar injin da na san ba zai zo ba. Ban farga ba sai da na lura zufa ta daina fito mata. Na taɓa wuyanta na ji shi bushe, da zafi kamar dutsen guga. Ta fara kirana da sunan babban ɗanta, tana cewa in rufe shago magariba ta yi, alhali rana tana tsaka. Sai kanta ya langaɓe a kafaɗata. Na fizgo waya zan kira, na tarar wayar ta mutu, zafi ya kashe ta. Na danna, na jijjiga, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Na yi ihu, iska ta kwashe muryata. Na tura wayar ƙarƙashin duwatsu inda rana ba ta kai ba, na dawo na rungume Yaya ina yi mata fifita da hannu, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ban san iya lokacin da na ɗauka a haka ba. Da na koma na danna, sai ta kawo haske.

Wanda ya ɗauka ya tambaye ni inda muke, ni kuwa da nake tallan wurin ban san ko wane tsibiri ba ne a cikinsu. Na haɗa ɗan Turancina da ɗan Larabcina na kwatanta masa katangar duwatsun da rodunan da allon. Ya ce kar in kashe waya, in kwantar da ita ta gefe, in ci gaba da jiƙa ta, in kuma ɗaga wani abu mai launi da za a hango. Na kwance mayafinta na ɗaura a ƙarshen wani dogon rodi, ina gudu tsakanin bakin ruwa da inda take kwance, in ɗebo ruwa a gora in zuba mata, in sa kunne a hancinta in ji ko tana numfashi. Lokacin da jirgin 'yan sandan ruwa ya ɓullo daga cikin ƙurar nan, na nufi wurinsu ina nuna musu inda take kwance. Mutanen da na yi ta gudu duk zamana a garin, ko ɗaya bai tambaye ni takarda ba sai da suka lulluɓe ta da ƙanƙara, suka sa mata ƙarin ruwa, suka miƙa ta asibiti. Ni ma sai da suka ba ni ruwa na sha na dawo hayyacina sannan aka fara min tambayoyi.

Abin da nake tsoro ya same ni, an tsare ni, daga baya aka sa ni a jirgi zuwa gida, kuma wallahi bai kai ko kusa da yadda na ɗauke shi ba. Abokina ma na ji an sallame shi ya koma ƙasarsu, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Yaya ta farfaɗo, amma likita ya ce zafin ya taɓa mata ƙoda, kuma jinkirin da aka yi ne ya ja hakan. Tun daga nan ta daina tafiyar fatauci, 'yarta ta fari ta bar karatu ta karɓi shago, ita kuma ta zama 'yar zuwa asibiti wankin ƙoda.

Na rubuto ne saboda 'yan'uwana matasa da ke zaune a ƙasashen mutane da takardun da suka mutu. Ku gyara, ko ku dawo gida da mutuncinku, domin tsoron hukuma yana iya sa mutum ya zauna yana kallon nasa yana mutuwa. Kada ku yi tallan abin da ba ku taka da ƙafarku ba, balle ga wanda ya yarda da ku. Masu saye kuma, ku bi ta ƙofa, ku je da izini, kuma kada wanda ya raina zafin bakin tekun nan don yana ganin a rana ya tashi. In rai yana cikin haɗari a kira taimako nan take, duk abin da zai biyo baya mai sauƙi ne. Yanzu ni nake kai Yaya asibiti duk ranar wankinta. In mutane suka tambaye ta asalin ciwon, sai ta ce rana ce ta buge ta a Dubai, ba ta taɓa sako sunana ba. In an gama na riƙo hannunta muna fitowa, tana tafiya da ƙyar, ita ce take juyowa ta ce min sannu da ɗawainiya.