Hular Anti Sabina

Kafin rana ta yi zafi Anti Sabina ta riga ta sha shayinta, ta ɗaure takalmanta, ta hau motar ma'aikata zuwa Jebel Ali, a nan Dubai. Aikinta a tashar jiragen ruwa shi ne koya wa ma'aikata yadda mutum zai tsira idan tsautsayi ya jefa shi cikin teku. Tafiyarta kaɗai ta isa ta gaya maka ko wace ce: baya a miƙe, ido a gaba, gaisuwa a taƙaice. Mu matan Kano masu saro a Deira mun fara saninta ne a wurin 'yan kago, ta zo aika wa danginta kaya Zonkwa. Muka ji Hausa tas a bakinta, muka maƙale mata. A ƙarshen watan nan take ajiye aiki ta koma gida, ni kuwa ba zan bari ta tafi shiru ba, domin ta dalilinta Allah ya bar mini ƙanwata Mahfuza a duniya.

Sabina tsohuwar sojar ruwa ce. Lokacin da ta shiga horo a Fatakwal tana budurwa, ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarta ba. Takan ba mu labari tana dariya, wai ranar farko da aka tura su ciki da kaki da takalmi ta sha ruwa har ta ƙoshi, tana kiran sunan uwarta. Mazan da suke tare suka ce matan ba za su kai ko'ina ba. Sun kai. Da rikici ya yi tsanani a Arewa maso Gabas aka tura ta tafkin Chadi tare da ƙawayenta biyu, Perpetua mai jinya da Turai mai gyaran inji.

Labarin tafkin ba ta yi masa dariya. Sau ɗaya ta ba mu shi, muna zaune a ɗakina a Al Buteen. Kwalekwalen masu gudun hijira ne ya kife kusa da jirginsu.

"Ba harsashi ne ya kashe matan nan ba," in ji ta. "Mace tana nutsewa, hannunta ɗaya yana riƙe da hijabi kada ya zame a gaban maza. Hijabin ya sha ruwa, ya naɗe mata ƙafa. Soja namiji ya miƙa mata hannu, ta ja baya."

Tun daga ranar, duk fitar da za a yi sai ta nemi a sa ta a jirgin. Idan aka tarar da mata a ruwa ita ce ke fara faɗawa tana ihu da Hausa: "Ni mace ce! Mace ce, kama ni!" Kuma suna kama ta. Ba ta san adadin waɗanda ta jawo ba, ta ce a irin wannan wuri ba a tsayawa lissafi. Perpetua tana nan da ranta a Jos. Turai ba ta dawo daga tafkin ba.

To ka ga macen da ta ga wannan, sai ta zo Dubai ta tarar da mu muna ɗarewa ƙananan jiragen ruwan da ke ƙetare da mutane daga Deira, da hijabai har ƙasa, kowa na duba waya. Ranar ta yi mana tatas. Ta ce duk ranar hutunta mu same ta a wurin ninkaya na mata zalla, kuma darasin farko ba iyo ba ne, cire hijabi ne a cikin ruwa.

Hajiya Ummi Kulsum, babbarmu, ta ɗaure fuska. "Sabina, ke ba za ki gane ba. Mu buɗe kai a gaban ƙartin maza? Khalas, a bar maganar nan."

Da wata ce, da ta yi fushi ta ce ku je ku ƙarata. Anti ba ta yi musu ba. Mako na gaba sai ga ta da leda cike da baƙaƙen huluna masu kama kai, irin waɗanda ke rufe gashi da wuya.

"Hajiya, ban ce ki buɗe kanki ba. Ki sa wannan a ciki kullum. Idan kin faɗa ruwa, babban ya tafi, ƙaramin ya zauna. Kin tsira, mutuncinki ya tsira."

Hajiya ta jujjuya hular ta ce, "Wannan kam da dama."

Sai wahala ta fara. Mu shiga ruwa da cikakkiyar shiga, ta busa usur, ta daka tsawa, "Yalla, cire!" Mu cire, mu kwanta rigingine, mu fito, mu mayar da jiƙaƙƙen hijabi, ta sake busawa. Manyan mata masu kwantena a teku, ga mu muna tari muna haki kamar awaki a ruwan sama. Idan muka yi ƙorafi sai ta ce ba kanmu take koya wa ba, hannunmu take koya wa, don ranar tsoro kai ba ya aiki. Duk cikinmu ba wadda ta kai Mahfuza ƙorafi. Kullum ita ce ciwon baya, ita ce baƙo zai zo, sai na ja ta.

Bayan ƙaramar Salla muka tafi garin Hatta shan iska, Anti tana wurin aiki. Muka hau ƙananan kwalekwale a madatsar ruwa, aka ba kowa rigar da ke hana nutsewa. Mahfuza ta sa tata a ƙarƙashin hijabi, da zafi ya dame ta sai ta kwance igiyoyin ba wanda ya gani. Muna tsakiyar ruwa ta miƙe za ta ɗauki hoton duwatsu. Ƙara kawai na ji. Rigar ta suɓule ta yi gefe, hijabin ya baje a kan ruwa, Mahfuza babu ita.

Na yi salati, na kasa ko motsi. Abin da ya zo mini shi ne me zan gaya wa 'ya'yanta. Sai ga baƙar hula ta ɓullo can gefe da hijabin, ga Mahfuza rigingine, fuska sama, tana haki, har masu ceto suka iso. Da ta samu numfashi ta ce, "Yaya, wallahi ban yi tunanin komai ba. Usur ɗin matar nan kawai na ji a kunnena."

Na kira Anti a waya. Ta saurara har na gama, ta ce, "Tana numfashi da kyau?" Na ce lafiya lau. Sai na ji sojar nan tana kuka a waya, tana cewa, "Na gode wa Allah. Wannan ba ta riƙe hijabin ba."

Anti Sabina, ke ce kika ɗauko abin da ya fi yi miki ciwo a yaƙi kika mayar mana da shi kariya. Ke ce ba ki raina kunyarmu ba, ba ki kuma bar ta ta kashe mu ba. Jaruma ƙawar Turai! Ba a taɓa kiran sunanku a taro ba, ke da sauran matan da suka sa kaki suka shiga ruwa ana harbi, amma mu mun sani yanzu, kuma za mu faɗa. Mun gode. Allah ya ji ƙan Turai, ya kai ki gida lafiya, ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma 'yan uwa, duk wadda Allah ya sanar da ita abin da zai ceci rai, kada ta tafi da shi. Ta tara mata ta koya musu, ko suna ƙorafi.

Jiya Mahfuza ta kira gida a gabana. Autarta ta karɓi wayar tana shagwaɓa, wai ita takalmi mai haske take so, kuma yaushe Ummanta za ta dawo. Yarinyar nan ba ta san sunanki ba, Anti, ba ta kuma san abin da ya kusa samun ta ba. Umma ta ce mata, "Ina nan tafe."