Taken da Malam Sule Ya Ɓoye

Shekara goma ke nan da rasuwar abokina Malam Sule, mai koyar da badujala a firamaren da muka yi aiki tare a Gaya. Allah ya jiƙansa, ban taɓa ganin mutum mai zargi irinsa ba, kuma da alama ya bar mini gadon halin.

Tsohon ɗan sanda ne, a can ya koyi begila. Bayan samun 'yancin kai ya haɗa wa makarantarmu wani gajeren take da ake busawa idan manyan baƙi sun iso wurin fareti. Begila ta fara, sarewa ta amsa, ganguna su rufe. Ko hedimasta sai ya gyara tsayuwa.

Tsoronsa ɗaya ne, kada 'yan badujalar Ajingi, abokan gasarmu, su sace masa shi. Saboda haka bai taɓa koya wa kowa dukansa ba. Masu begila daban, masu sarewa daban, ni da nake taya shi da babbar ganga dukan gangata kawai na sani. Bakin begilarsa a aljihu yake kwana. Ya taɓa korar mai tallan gyaɗa daga gindin taga, wai ya cika kasa kunne. A gida kaɗai yake busa shi cikakke, inda babu kowa sai matarsa Hajara.

Da ya rasu, yaran suka gama makaranta suka watse, kayan suka yi tsatsa. Na ɗauka da shi aka binne taken, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai.

Bana aka gayyace ni faretin 'yan makaranta a Ajingi. Ina zaune sai na ji taken, tun daga farko har ƙarshe, har da 'yar tsayawar da yake yi kafin ganguna su shigo. Hawaye suka zo mini, bayansu kuma tambaya: wa ya ba su? Da Malam Sule na raye, da ya tsayar da faretin nan ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya.

Na zargi tsofaffin ɗalibanmu, na zargi mai gyaɗar. Daga baya na tuna Hajara 'yar Toranke ce ta ƙasar Ajingi, kuma ƙanenta ne malamin badujalar Ajingi. Na kuma tuna ba ta daka ba tare da guna-gunin waƙa ba.

Na je gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, ta gane inda na dosa. Ba ta amsa ba, ba ta musa ba.

"Malam," ta ce, "ku da kuka riƙe masa amana, rera mini shi in ji."

Na buɗe baki. Ba abin da nake da shi sai dukan ganga. Har yau ina zarginta, kuma duk Juma'a ina sa ta a addu'a tare da shi.