Mujallun da Na Zaɓa wa Autata

Shekarar da autata ta samu gurbin karatun kimiyyar muhalli a jami'a, kowa a gidan murna yake yi. Ni ma na gode wa Allah, amma gabana bai daina faɗuwa ba. Tana ƙarama ruwa ya taɓa rutsawa da ita a gidan kakarta a Gama. Kwata ta cika ta ɓalle, katanga ta faɗi, a kafaɗa aka fito da ita, ruwa iya ƙirjin wanda ya ɗauko ta. Daga nan ta daɗe tana firgita. Da hadari ya haɗo sai ta ƙanƙame uwarta, jikinta na ɓari. An sha addu'a da rubutu kafin Allah ya yaye mata. To ga shi ta zaɓi karatun da aka ce mini ba abin da ake yi a cikinsa sai zancen ambaliya da fari da gurɓatar ruwa. Tsorona kada abin nan ya dawo mata.

Muna da maƙwabci a nan Nasarawa, tsohon malamin jami'a, ya rasu, Allah ya jiƙansa. Matarsa Hajiya ta sayar da gidan za ta koma wajen 'ya'yanta. Ta aiko mini cewa mujallun marigayi suna nan ɗaki guda, kuma fanninsa kusa yake da na yarinyar, in turo ta ta ɗiba. Ban tura ta ba. Na ce da kaina zan je, don in tace abin da zai shiga idonta.

Ni karatun allo na yi, na sauke, na bi littattafai a zaure. Har yau da ajami nake rubuta al'amurana, Turancina kuwa na ciniki ne. Saboda haka da hoto na yi zaɓen. Mujallun iri biyu ne. Akwai masu kauri, ba hoto, sai ƙananan baƙaƙe da zane-zane; waɗannan ban taɓa su ba, don ban san abin da ke ƙunshe a ciki ba. Akwai kuma masu sheƙi. Na zauna a kan darduma, na yi bisimilla, na fara buɗewa daga dama yadda hannuna ya saba.

Ga abin da na fara gani. Kifi a mace ya rufe bakin kogi. Shanu a kwance, sai ƙashi da fata. Wata mata a kan rufin ɗaki da goyo, ruwa ya kewaye ta. Na kife wannan da sauri kamar yarinyar na tsaye a bayana. Hajiya ta aiko mini da shayi, ta kuma tambaya daga bayan labule ko ni zan yi karatun ne, tunda na fi ɗalibar daɗewa a kai. Na yi dariyar dole.

Can sai na fara cin karo da waɗansu masu hoto biyu a jere. Na dama ƙasa ce a tsage, na hagu tafki ne cike da ruwa har da jiragen masunta. Wata kuma, dama fili fetal, hagu kurmi. Na ce alhamdu lillahi, ashe akwai inda ake gyarawa. Irin waɗannan kaɗai na tsince, na rungumo su zuwa gida.

Bayan la'asar na kira ta gindin mangwaro na miƙa mata. Ta durƙusa ta karɓa, ta juya ta farkon ta buɗe ta ɗaya gefen. Ta buɗe ta biyu, ta uku.

"Baba," ta ce a hankali, "su daga hagu suke farawa. Mai ruwan shi ne na da."

Ashe baibai na karanta hotunan. Da hannuna na bi ɗaki guda na tsinto mata duk inda ruwa ya ƙafe da inda daji ya ƙare, ban bar ko ɗaya ba. Ba fuskarta na duba ba, yatsunta na duba, don daga nan abin yake fara mata. Ba su motsa ba. Ta tambaye ni ko akwai masu kaurin, ta ce su malamai suka fi so. Washegari ta nemi izini ta je da kanta, ta kwaso su, har da mai matar nan a kan rufi. Na ce ta bar wannan mana.

"Ranar Gama ba wanda ya gaya mini daga ina ruwan ya zo, Baba. Shi nake so in sani."

Ban hana ta ba, amma hankalina bai kwanta ba. Ina jiran damina.

Kafin daminar ta zo, wanda ya sayi gidan Hajiya ya sare bishiyoyin marigayi, ya malale filin da siminti. Ran da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, da rana ne, na bar abin da nake yi na shiga neman yarinyar ɗaki ɗaki. A baranda na same ta. Ta riƙe ginshiƙi da hannu ɗaya, riƙo mai ƙarfi, har jijiyoyin sun fito, amma idonta a buɗe yake. Ta nuna mini yadda ruwan gidan maƙwabta, da ya rasa ƙasar da zai shiga, yake taruwa a gindin katangarmu. Ta ce a nemo magini tun wuri a buɗe masa hanya.

Na tsaya kusa da ita ina karanta addu'ar tsawa. Sai da na kai ƙarshe na lura muryata ce take rawa. Washegari da sassafe na aika aka kira magini.